Labaran Baƙar Gobe da Mulkin da Ke Son Mallakar Zuciya

Bayan an harbe Lavrenti Beriya, shugaban 'yan sandan ciki na Tarayyar Sobiyet, a watan Disamban 1953, sai hukuma ta tarar da wata ƙura a gabanta. Babban kundin ilimi na gwamnati, wanda ake bugawa juzu'i-juzu'i ana aika wa masu saye, ya riga ya fitar da juzu'i na biyar, a ciki kuwa ga dogon yabon Beriya har da hotonsa. Gwarzon jiya ya zama maci amanar ƙasa, littafin kuma ya riga ya shiga gidajen mutane. Sai masu bugawa suka aika wa kowane mai saye takarda, suka ce ya sa almakashi ko reza ya yanke waɗancan shafuka, ya manna sababbin da aka haɗo masa. Sababbin shafukan sun cike gurbin da bayani a kan Tekun Bering, tunda a jerin haruffa shi ne maƙwabcin Beriya.

Shekara huɗu kafin nan, a watan Yunin 1949, George Orwell ya fitar da littafinsa 1984. Jarumin labarin, Winston Smith, ƙaramin ma'aikaci ne a Ma'aikatar Gaskiya, aikinsa kuwa shi ne ya ɗauko tsofaffin jaridu ya gyara su don su dace da abin da jam'iyya take faɗa yau. Duk wanda ya faɗi daga idon shugabanni, Winston ne zai goge sunansa, ya ƙirƙiri wani ya sa a gurbin. Wanda ya jera waɗannan abubuwa biyu zai ce lallai marubucin nan ɗan duba ne. Ba haka ba ne. Orwell ba gobe ya leƙa ba, jiya ya kalla da kyau. Tun a 1940 aka harbe Nikolai Yezhov, wanda Beriya ya gada, aka kuma kankare shi daga hoton da ya ɗauka a gefen Stalin a bakin ruwa. Shi Orwell da kansa ya je yaƙin basasar Sifen a ƙarshen 1936, harsashi ya same shi a maƙogwaro a 1937, kafin ya gama murmurewa kuma 'yan gurguzu masu bin Mosko suka juya wa rundunar da yake ciki baya, suka ce 'yan leƙen asirin Franco ne, wato jagoran ɓangaren da suke yaƙa, da ƙyar ya tsallaka iyaka zuwa Faransa. Daga baya ya rubuta cewa a can ne ya ga jaridu suna ba da labarin gumurzun da ba a yi ba, suna kuma yin gum a kan wuraren da ɗaruruwa suka mutu.

Daga nan ya kamata a fara fahimtar wannan nau'i na ƙagaggun labaran kimiyya, masu zana baƙar gobe. Marubutansu ba sa cewa ga abin da zai faru. Suna ɗaukar abin da suka gani yana tsirowa a zamaninsu ne, su bi shi har ƙarshensa, kamar wanda ya ga tsiron wuta-wuta guda a gonar dawa ya zana maka yadda gonar za ta zama bayan damina biyar in ba a tuge shi ba. Abin da ya fi jan hankalina a labarin Beriya kuwa shi ne, gwamnati ba ta tura 'yan sanda gida-gida ba. Takarda kawai ta aika, mai littafin ne ya riƙe almakashin. Mafi kyawun waɗannan littattafai a kan wannan hannun suke magana, ba a kan azzalumin da ke fada ba.

Sai an bambance abu biyu kafin a ci gaba, domin mu nan mun san mulkin soja, muna iya ɗauka duk kanwar ja ce. A 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta kafa Doka ta 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗai-ɗai. Danniya ce, babu tantama. Amma abin da irin wannan mulki yake nema shi ne ka yi shiru. Ka je kasuwarka, ka yi sallarka, ka aurar da 'yarka, in ka ga dama ka zagi shugaba a cikin ɗakinka, muddin dai ba ka fito fili ba. Mulkin da waɗannan littattafai suke gargaɗi a kansa shirunka bai ishe shi ba. Yana son ka yarda, ka yi tafi, ka so shi har zuci, kuma kada a bar wata ƙungiya, ko wurin ibada, ko zumunci, ko ma tunani, da ba a ƙarƙashinsa yake ba. Musolini ya yi alfahari da wannan manufa a Italiya tun shekarun 1920, Hitila da Stalin suka kai ta inda ba a taɓa zato ba, masaniyar siyasa Hannah Arendt kuma ta yi mata babban nazari a 1951. Abin mamaki, marubucin ƙagaggen labari ya riga su duka zana siffarta.

Sunansa Yevgeni Zamyatin, injiniyan jiragen ruwa ɗan Rasha. Ba maƙiyin juyin juya hali ba ne, domin ya taɓa zama ɗan Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin, gwamnatin sarki ma ta ɗaure shi a kan haka. A 1916 aka tura shi Newcastle ta Ingila ya kula da ƙera jiragen fasa ƙanƙara, inda ya ga yadda masana'anta take mayar da dubban mutane tamkar sassan inji guda. Da ya koma gida sai ya tarar sababbin masu mulki sun kamu da son tsarin Frederick Taylor, Ba'amurken da ya koyar da auna kowane motsin ma'aikaci da agogo. Tsakanin 1920 da 1921 ya rubuta littafin da ya kira Mu. A cikinsa mutane ba su da suna sai lamba, jarumin shi ne D-503. Gidaje na gilashi ne don kowa ya riƙa ganin kowa. Akwai jadawalin da ya tsara lokacin farkawa da na tafiya da yawan taunar kowace loma. A ƙarshe hukuma ta gano inda hasashe yake zaune a ƙwaƙwalwa, ta sa a yi wa kowa tiyata a cire shi.

A lura da shekarar. A 1921 Lenin yana raye, Stalin bai hau ba, manyan shari'o'in da Stalin ya yi wa tsofaffin abokan juyin juya hali a Mosko saura shekara goma sha biyar. Wannan shi ne gargaɗi na haƙiƙa, wanda aka yi tun wuta ba ta kama ba, aka kuma yi wa mutanen gida. Hukumar tace littattafai ta hana shi fita. Fassararsa ta Turanci ce ta fara fitowa a New York a 1924. Da aka yi masa taron dangi a 1929, aka toshe masa duk wata ƙofar bugawa, sai ya rubuta wa Stalin takarda a 1931 yana neman izinin barin ƙasa, da taimakon marubuci Maksim Gorki aka bar shi, ya mutu a Paris a 1937 cikin talauci. 'Yan ƙasarsa ba su ga littafin a buge a gida ba sai 1988. Orwell ya karanta shi da Faransanci, ya yi sharhi a kansa a farkon 1946, kuma duk wanda ya karanta littattafan biyu zai ga bashin da ɗaya yake bin ɗaya.

Me ya sa sai an kai labarin gaba, zuwa wata ƙasa da babu ita? Wani ɓangare na amsar shi ne tsoron mai tacewa, ko da yake dabarar ba ta ceci Zamyatin ba. Babban dalilin shi ne mai karatu. In ka ce masa ga laifin jam'iyyar kaza, kafin ka rufe baki ya riga ya zaɓi ɓangare, in tasa ce ya fara kare ta. In kuwa ka kai shi wata ƙasa mai baƙon suna, ka zaunar da shi cikin fatar mutum guda, ya ji yunwarsa da tsoronsa da ƙaiƙayin gyambon da ke ƙafarsa, to ya ajiye garkuwarsa. Littafin nazarin siyasa zai gaya maka an kashe mutum kaza. Ƙagaggen labari ne zai sa ka san yadda mutum yake koyon sarrafa fuskarsa don kada ta tona masa asiri.

Kayan aikin da Orwell ya baje ba na kimiyya ba ne sosai. In ka cire allon da ke kallon mutum yana kuma yi masa magana, Landan ta cikin littafin Landan ce ta bayan yaƙi: rusassun gine-gine, ƙarancin reza, abinci da kati. Ko burodi sai da aka sa shi a kati a Birtaniya daga 1946 zuwa 1948. Shi kansa ya yi aikin farfaganda a sashen BBC mai watsa shirye-shirye zuwa Indiya daga 1941 zuwa 1943, matarsa Eileen kuma ta yi aiki a sashen tace labarai na gwamnati. Saboda haka ya san yadda mutumin kirki, mai ilimi, yake zama a tebur ya rage nan ya ƙara can, ya tashi ya tafi gida ba tare da ya ji ya aikata wani laifi ba. Winston ma yana jin daɗin aikinsa idan ya samu mai wuya, yana alfahari da ƙwarewarsa. A ganina wannan ya fi duk azabar da ke ƙarshen littafin ban tsoro.

Gyaran tarihi yana da manufa mai sauƙi. Mutum ba ya sanin an cuce shi sai ya kwatanta yau da jiya. In an rage maka rabo, aka sanar cewa an ƙara, babu kuma wata takarda a ƙasar da ke nuna adadin makon jiya, da me za ka yi gardama? Sai abin da ke kanka, shi kuwa kai guda ba ya ja da jama'a. Daga nan aka wuce zuwa harshe. Jam'iyyar cikin littafin tana rage yawan kalmomi kowace shekara, da nufin ranar da mai son yin tawaye zai rasa abin da zai yi tunanin da shi. A nan ina ganin Orwell ya zarce, domin ba a taɓa samun gwamnatin da ta iya ƙwace wa mutane harshensu haka ba. 'Yan Sobiyet sun rayu da barkwanci da habaici a kan shugabanninsu har ƙasar ta ruguje. Amma rabin maganar gaskiya ce. A watan Maris na 2022 Rasha ta yi dokar da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 15 in ya yaɗa abin da hukuma ta kira ƙarya game da sojoji, a lokacin da kiran abin da ke faruwa a Yukren da sunan yaƙi ya zama haɗari. Ba a hana kowa tunani ba. An dai sa kowa ya riƙa furta abin da ya san ba haka ba ne, a gaban wasu da su ma suka sani.

Makami mafi muni shi ne raba mutum da nasa. A littafin, maƙwabcin Winston mutum ne mai biyayya iya biyayya, amma 'yarsa ƙarama ce ta kai ƙararsa, shi kuma yana cikin kurkuku yana yabon tarbiyyarta. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce. Tun 1932 Tarayyar Sobiyet ta mayar da wani yaro, Pavlik Morozov, gwarzon 'yan makaranta, bisa labarin cewa ya tona asirin mahaifinsa, aka yi masa gumaka da waƙoƙi. A Jamus ta Gabas, ƙasa mai mutum kusan miliyan 16, hukumar 'yan sandan ciki ta Stasi tana da ma'aikata kimanin 91,000 a 1989, ban da 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000. Da aka buɗe fayiloli bayan haɗewar Jamus, 'yar fafutuka Vera Lengsfeld ta gano cewa mijinta, uban 'ya'yanta, yana cikin masu kai rahoto a kanta shekara da shekaru. Ba sai an sa ido a kan kowa ba. Ya isa kowa ya yi zaton mai yiwuwa na kusa da shi ne idon. Shi ya sa a ƙarshen 1984 ba a bar Winston ba don ya amsa laifi, ya amsa tun tuni. Sai da ya roƙi a ɗora azabar a kan matar da yake so aka sake shi, domin daga ranar ba shi da kowa sai jam'iyya.

Aldous Huxley, wanda ya taɓa koyar da Orwell Faransanci a makarantar Eton, bai yarda bulala ce za ta yi nasara ba. A watan Oktoban 1949 ya rubuta masa takarda, ya yaba littafin, sannan ya ce masu mulkin gobe za su gane cewa sa mutane su so bautarsu ya fi duka da ɗauri arha da inganci. Tun 1932 ya zana wannan a Brave New World. A can ba a haihuwa, a kwalba ake ƙyanƙyashe jarirai, a tsara su aji-aji tun suna ƙwai, a yi wa kowane aji raɗa cikin barci har ya so matsayinsa. Shekarunsu ma daga motar Henry Ford suke ƙirgawa. Wanda ransa ya ɓaci akwai ƙwaya mai suna soma. Babu yunwa, babu yaƙi, babu tsufa, babu kuma uwa, babu addini, babu wanda zai zauna shi kaɗai ya yi tunani. Huxley Amurka ya kalla, wadda ya ziyarta a 1926, da tallace-tallacenta da masana'antunta, ba Mosko ba.

Ray Bradbury ya tsaya a tsakani. Ya fitar da Fahrenheit 451 a 1953, shekara ashirin bayan ɗaliban Nazi sun cinna wa littattafai wuta a Berlin ranar 10 ga Mayun 1933, kuma a shekarar da mataimakan Sanata McCarthy, mai farautar 'yan gurguzu a Amurka, suka zagaya ɗakunan karatun Amurka da ke Turai suna farautar littattafan da suke zargi da gurguzu. Kowa yana tuna 'yan kwana-kwanan da aikinsu ya koma ƙona littattafai. Abin da ake mantawa shi ne bayanin shugabansu, cewa ba daga gwamnati abin ya faro ba. Mutane ne suka fara gajiya da dogon karatu, suka koma ga allunan bango, kowane rukuni kuma ya nemi a cire abin da ya ɓata masa rai, har littafi ya zama abin ƙyama. Hukuma daga baya ta zo ta sa hannu a kan abin da jama'a suka riga suka zaɓa.

An daɗe ana gardamar wa ya fi gaskiya tsakanin Orwell da Huxley, ni kuwa ina ganin gardamar ba ta da gindi. Gwamnatocin da suka daɗe sun haɗa biyun ne, zuma ga masu yawa, bulala ga 'yan tsiraru. Sin ita ce babbar shaida. A Shanghai akwai kantuna da jiragen ƙasa masu gudu da biyan kuɗi ta waya, a Xinjiang kuma akwai sansanoni da kyamarori masu gane fuska, abin da ya faru a dandalin Tiananmen a watan Yunin 1989 kuwa an share shi daga intanet ɗin ƙasar. Marubuci Chan Koonchung ya kama wannan a wani littafi da ya fitar a 2009, wanda aka hana bugawa a babban yankin ƙasar. A labarin, wata guda cur ya ɓace daga tunanin jama'a, kowa kuma yana cikin annashuwa. Da 'yan tsirarun da ba su manta ba suka tsare wani babban jami'i suka tambaye shi, sai ya amsa cewa an zuba wa ruwan sha ƙwayar sa nishaɗi, amma mantuwar ba su suka ƙulla ta ba. Jama'a ne suka manta da kansu, gwamnati ta ga dama ta samu, ta bi ta goge takardu.

Akwai tambayar da Zamyatin da Huxley da Orwell duk suka tsallake: yaya ake shiga? Labaransu suna farawa ne bayan an gama gini. Margaret Atwood ce ta cike wannan gurbi a The Handmaid's Tale na 1985, wanda ta fara rubutawa a Berlin ta Yamma, katangar tana tsaye. Mai ba da labarin ta rayu a duniyar da ta gabata, tana da aiki da miji da 'ya. An kashe shugaban ƙasa da 'yan majalisa, aka ɗora wa 'yan ta'adda, aka dakatar da tsarin mulki aka ce na ɗan lokaci ne, mutane suka zauna gaban talabijin suna jiran bayani. Sai wata rana katin bankinta ya ƙi aiki. An rufe asusun dukan mata a rana guda, aka mayar da kuɗin hannun mazajensu, abin da ya yiwu saboda an riga an daina amfani da takardar kuɗi. Wanda ya san tarihi zai tuna gobarar majalisar Jamus a watan Fabrairun 1933 da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya washegari, wadda ba a ɗage ba har Hitila ya faɗi. Atwood ta sha faɗa cewa ƙa'idarta ita ce kada ta sa wani abu da ɗan Adam bai taɓa aikatawa ba. Tilasta wa mata haihuwa, Ceausescu ya yi a Romaniya da dokarsa ta 1966. Ƙwace jarirai a ba masu mulki, sojojin Ajantina sun yi tsakanin 1976 da 1983, ana ƙiyasin yara kimanin 500. Wasu suna karanta littafin a matsayin hari ga addini. Ban ga haka ba, domin gwamnatin cikinsa tana rataye limaman Katolika tana kuma yaƙar 'yan Baftis, Ceausescu kuwa bai yarda da addini ba sam. Mai neman mallakar mutane rigar da jama'a suka fi girmamawa yake sawa, ko wace iri ce.

To gargaɗin ya yi aiki? Nan ne maganar take da ɗaci. Orwell ɗan gurguzun dimokuraɗiyya ne, kafin ya mutu a watan Janairun 1950 ya fitar da sanarwa cewa littafinsa ba hari ne ga jam'iyyar Leba ba, ya kuma ce ya ajiye labarin a Birtaniya ne don a san masu jin Turanci ba su fi kowa ba, abin zai iya faruwa ko'ina. Ba a saurare shi ba. Yaƙin cacar baka ya mayar da littattafansa makami, har hukumar CIA ta zuba kuɗi a ɓoye aka yi fim ɗin zane na tatsuniyarsa ta dabbobi a 1954, aka sauya ƙarshenta. (Tatsuniyar nan ce Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975.) Shi kansa Orwell, yana kwance da tarin fuka a 1949, ya miƙa wa wani sashen farfaganda na gwamnatin Birtaniya jerin sunayen mutanen da yake ganin sun karkata ga Mosko. Masu kare shi suna da hujjojinsu, amma marubucin da ya fi kowa bayyana sharrin ɗan rahoto bai kamata a same shi da irin wannan takarda ba.

Har yau haka ake yi da littafin. Cinikinsa ya tashi a Amurka a 2013 bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi a kan leƙen asirin gwamnatin ƙasar, ya sake tashi a watan Janairun 2017 da Trump ya hau, bayan shekara huɗu kuma magoya bayan Trump suka ɗauko shi da aka rufe shafin Trump na Twitter. A 2022 kakakin ma'aikatar harkokin wajen Rasha, Mariya Zakharova, ta ce ai ba Tarayyar Sobiyet Orwell yake nufi ba, ƙasashen Yamma yake nufi. Laifi tudu ne. Littafin da aka rubuta don mutum ya binciki kansa ya koma sandar dukan abokin hamayya, kuma da zarar an kira kowace doka da kowane harajin da ba a so da sunan Babban Yaya, shugaban jam'iyyar cikin 1984, sunan ya daina firgita kowa.

Akwai kuma abin da littattafan suka kuskure. Sun ba gwamnati wayon da ba ta da shi. Jam'iyyar cikin littafin Orwell ba ta kuskure, ba ta cin hanci, ba ta rasa man fetur. Na gaske kuwa sun ruɓe daga ciki: katangar Berlin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991, kuma ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk, irin talakawan da littafin ya nuna giya da caca sun ishe su, su ne suka fara girgiza Polan a 1980. Haɗarin wannan kuskure shi ne ya sa mai karatu ya riƙa jiran cikakken dodo, ya ce tunda ba mu kai can ba lafiya lau ne. Sannan ba su hango kamfani ba. Allon da ke kallon Winston hukuma ce ta kafa shi a bango, namu kuwa da kuɗinmu muka saya, muna kwana da shi a gefen matashi. A watan Yulin 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle na mutane ya goge wasu littattafan da suka saya, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya ya ba da haƙuri. A cikin littattafan da aka goge har da 1984. Babu mugun nufi a ciki, amma ya nuna cewa yanzu ana iya cire shafi daga dubban gidaje cikin dare ɗaya.

Inda gargaɗin ya yi tasiri na gaske shi ne wurin waɗanda suke cikin ramin. Marubucin Polan Czeslaw Milosz ya ba da labari a 1953 cewa manyan 'yan jam'iyya a gabashin Turai suna karanta Orwell a ɓoye, suna mamakin yadda mutumin da bai taɓa zama a Rasha ba ya san rayuwarsu haka. An riƙa kwafar littafin da keken rubutu ana miƙawa hannu da hannu. Bai kifar da gwamnati ba, amma ya gaya wa mai karatu cewa ba shi ne mahaukacin ba. Bayan juyin mulkin soja na watan Mayun 2014 a Tailan, da aka hana taron mutum biyar, matasa sun riƙa zama a bainar jama'a suna karanta 1984 shiru, aka kama wasunsu, wasu kuma suka ari gaisuwar yatsu uku daga finafinan Hunger Games, wadda ta sake bayyana a titunan Myanmar a 2021.

A 'yan shekarun nan marubutan da suka fi ba ni tsoro ba daga Turai suke ba. Basma Abdel Aziz, likitar ƙwaƙwalwa ce a Masar wadda ta yi aiki da waɗanda aka azabtar, ta fitar da littafinta Al-Tabur, wato layi, a 2013. Babu shugaba mai gashin baki a ciki, babu ɗakin azaba a fili. Wata Ƙofa ce kawai wadda duk wata takardar izini daga gare ta take fitowa, ta kuma rufe tun bayan wata tarzoma. Jarumin yana da harsashi a cikinsa, hukuma kuwa ta ce ba a yi harbi ba, saboda haka cire harsashin sai da izinin Ƙofa. Layi yana ta tsawo har ya zama unguwa. Wata ta kafa teburin shayi, wani yana wa'azi, wani kamfani yana raba waya kyauta wadda take naɗar maganar mutane. Likitan da ya ga hoton harsashin da idonsa yana buɗe fayil ɗin kullum yana tarar an sauya abin da ke ciki, yana ta jinkiri, domin yana da aikin da ba ya so ya rasa. Kowa yana tsare da gurbinsa, yana faɗa da wanda ya nemi shiga gabansa, mutumin kuma yana ta zubar da jini a tsakaninsu.